Labarin Sawakin, Mashigar Alhazan Dauri

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ƙasa da abin da ke kanta za su koma gare shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan labarin wani birni ne da ke bakin Bahar Maliya, cikin ƙasar Sudan, ana ce da shi Sawakin. Yaran yanzu da wuya a sami wanda ya taɓa jin sunansa, domin alhajin yau yakan hau jirgin sama a Sakkwato da safe, kafin rana ta faɗi ya sauka Jidda ko Madina. Amma a zamanin da ake zuwa Hajji ta ƙasa, galibin waɗanda suka yi sallama da iyalinsu a Sifawa ko Bodinga ko Shagari suka fuskanci gabas, Sawakin ce ƙarshen tafiyarsu bisa tudu. A nan mutum yake fara ganin ruwan gishiri, a nan kuma yake sanin cewa tsakaninsa da ƙasar Hijaz saura ƙetare ɗaya. Birnin da ya yi wa kakannin mutanen ƙasar nan wannan hidima ya cancanci a san labarinsa, balle ga shi akwai wa'azi cikin yadda ya tashi da yadda ya faɗi.

INDA BIRNIN YAKE

Sawakin tana kudu da Bur Sudan, tafiyar da ba ta kai mil 40 ba. Teku ta kutsa cikin tudu ta wata siririyar mashiga, sa'an nan ta buɗe ta zama kamar tafki, a tsakiyar tafkin kuwa ga wani ɗan tsibiri kewayayye kamar faifai. A bisa tsibirin nan aka gina tsohon birnin. Ƙanƙane ne ƙwarai, mai tafiya a ƙasa yana kewaye shi kafin ya gaji, amma amfaninsa shi ne jirgi yakan shigo ya jingina da bakin gidan attajiri, iska ba ta dame shi ba, a sauke kaya daga jirgi zuwa ɗakin ajiya. A ƙetaren tsibirin, bisa tudu, akwai unguwar da ake kira Gef, inda kasuwa take, inda kuma mutanen ƙasar suke zaune, watau ƙabilun Beja, masu raƙuma da awaki, waɗanda Hadandawa suke cikinsu. Ruwan sha babu shi a tsibirin, daga rijiyoyin Shata ake ɗauko shi.

Game da sunan, mutanen wurin suna da hikaya cewa wai nan ne Annabi Sulaimanu ya tsare aljannu, wai daga nan sunan ya samo asali. Wannan zancen hira ne, ba shi da isnadi. Su Beja da harshensu suna kiran garin da sunan da ke nufin kasuwa, wannan kuwa ya fi kusa da abin da ido ya gani, gama ciniki ne ya kafa Sawakin.

MASU MULKI DA MASU CINIKI

Ibnu Batuta, matafiyin nan na Magrib wanda ya ambaci Gobir cikin labarin tafiyarsa, ya sauka Sawakin wajen shekarar 1330. Ya tarar da sarkinta sharifi ne, ɗan Sarkin Makka, wannan kuwa ya isa ya nuna yadda garin yake ɗaure da Hijaz tun da daɗewa. Da tashar Aizab da ke arewa da ita ta mutu cikin ƙarni na 15, sai Sawakin ta gaje cinikinta. A 1517 Sarkin Turkawa Salim na Ɗaya ya ci Masar, Sawakin ta shiga hannun Daular Usmaniyya, har a 1555 ta zama mazaunin bashan da ke riƙe da lardin da suke kira Habash. Tsakanin haka, a 1541, jiragen yaƙin Fotugal sun tsaya a mashigarta, wani daga cikin manyansu ya rubuta mamakin yawan jiragen da ya gani da arzikin garin. A 1865 Turkawa suka miƙa ta ga Khidiwi Isma'il na Masar, shekara huɗu bayan haka kuwa aka buɗe mashigin Suwais, jiragen Turai suka riƙa bi ta Bahar Maliya, kasuwar Sawakin ta cika ta batse.

Ayarin raƙuma yakan taso daga Barbar a bakin Kogin Nilu, tafiyar wajen mil 250 cikin duwatsu da hamada, wani kuma daga Sinnar da Kasala. Suna kawo ƙaro, da hauren giwa, da gashin jimina, da filasko, da fatu, da gahawar Habasha. Jirage kuwa suna kawo yadin Hindu, da turare, da kayan yaji, da katako. Akwai kuma cinikin da ba a alfahari da shi, shi ne na bayi, domin 'ya'yan mutane da yawa ta wannan mashiga aka fitar da su zuwa kasuwannin ƙetare, ba su ƙara ganin gida ba.

ALHAZAN YAMMA

Hanyar Hajji ta mutanen ƙasar Hausa a farko ta arewa take, daga Agadas zuwa Fazzan zuwa Masar. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, ya je Hajji sau biyu, ya kuma yi karatu a Alƙahira. Shehu kansa ya so ya bi shi tun suna Agadas, malamin ya mayar da shi domin bai nemi izinin mahaifinsa ba, har Allah ya karɓi ransa bai sami zuwa ba. To, amma ban da ta arewa akwai hanyar gabas, wadda talakawa da almajirai suka fi bi, ta Barno da Wadai da Darfur har Nilu. A 1814, sa'ad da Shehu yake zaune a Sifawa yana karantarwa, wani Bature mutumin Suwizalan mai suna Burckhardt, wanda ya ɓad da kama ya kira kansa Ibrahim, ya bi ayari daga Shandi zuwa Sawakin. Ya ba da labarin mutanen yamma da ya gani a hanya, waɗanda Larabawa ke kira Takarir, suna tafe a ƙasa da ɗan guzurinsu, da yawansu masu karatun Alƙur'ani, suna neman abinci da aikin hannunsu da rubutunsu. Daga wannan suna ne Hausa ta sami kalmar Takari.

Hanyar gabas ta ƙara cika bayan zuwan Turawa. Sakkwato ta faɗi cikin watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita da niyyar hijira gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka saura har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno. Tun daga nan sawu bai ɗauke ba. Mutum yakan tashi daga ƙasar Sakkwato ya bi Kano, ya bi Maiduguri, ya ƙetare zuwa Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, sa'an nan Abeshe, da Jinaina, da Fashir, da Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso a 1912. Wanda guzurinsa ya ƙare sai ya tsaya aikin auduga a gonakin Jazira, waɗanda aka buɗe bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, ya yi shekara ɗaya ko biyu ko biyar yana tara kuɗin jirgi. Wani yakan bar gida da saurayinsa ya komo da furfura. Wani ba ya komowa, shi ya sa har yau akwai Hausawa da Fulani masu yawa a Gadarif da Kasala da Bur Sudan, waɗanda kakanninsu niyyar Hajji ta fitar da su. A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmudu Ɗantata, suka kafa ƙungiyar ɗaukar alhazai a mota, wadda sunanta WAPA ya zama sunan unguwa a Kano. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni.

A Sawakin gwamnati ta ajiye wurin tsare alhazai, a duba lafiyarsu, a yi musu lamba, a duba takardunsu kafin su hau jirgi. Waɗanda ba su da takarda ko kuɗi sukan bi masu ƙananan jiragen iska da dare, daga wani lungu na gaɓar teku. Wasu sun isa, wasu ruwa ya ci su, wasu an sauke su a inda ba ruwan sha, wasu kuma an yaudare su an raba su da 'ya'yansu. Duk mai ziyarar Sawakin daga ƙasar Hausa ya kamata ya san cewa ƙasar da yake takawa akwai ƙasusuwan danginsa cikinta, ya yi musu addu'a kafin ya shiga kallo.

ABIN DA MAI ZIYARA ZAI GANI

Mai zuwa daga tudu yakan fara cin karo da Ƙofar Kitchener, wadda aka gina a 1886, lokacin da shi Kitchener yake gwamnan wurin. Daga nan sai ya ratsa Gef ya iso hanyar da aka cike cikin ruwa don ta haɗa tsibirin da tudu, aikin zamanin da Gordon yake gwamnan Sudan, wajen 1877. A bakinta akwai ƙofar da ake kira da sunansa. Da ya wuce ta ya shiga tsohon birni.

Abin da ya bambanta Sawakin da sauran birane shi ne da dutsen teku aka gina ta, wanda ake kira murjani. Ba jan murjanin da mata ke ɗaurawa a wuya ba, wani farin dutse ne mai huji-huji kamar soso, wanda wasu ƙananan halittu ke ginawa a ƙarƙashin ruwa. Ana sare shi a yanka shi kamar tubali, a jera, a riƙa sa itace tsakanin sahu da sahu don ya ɗaure bangon, sa'an nan a shafe shi da farar ƙasa ciki da waje. Gidajen attajirai benaye ne, hawa biyu, hawa uku, ƙasa wurin baƙi da kaya, sama wurin iyali. A jikin bangon akwai tagogin katako masu fitowa waje, ana ce da su roshan, an sassaƙa su da ƙananan ƙofofi yadda iskar teku za ta shiga, matar gida ta ga mai wucewa shi bai gan ta ba. Wanda ya taɓa shiga tsohuwar unguwar Jidda ya ga irinsu, gama magina ɗaya ne, al'ada ɗaya.

Manyan masallatan tsibirin biyu ne, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, ko wanne da hasumiyarsa. Turkawa masu mulki Hanafawa ne, attajirai da yawa da suka zo daga Hijaz da Yaman Shafi'awa ne, mutanen Sudan da alhazan yamma kuwa Malikawa ne. Ɗan tsibiri guda ya ɗauki mazhabobi uku, alƙibla ɗaya, ciniki bai tsaya ba. Akwai kuma gidan kwastan a bakin ruwa, da gidan gwamna da ake kira Muhafaza, da gidan Khurshid. A Gef akwai ragowar babban masaukin fatake na Shinnawi, wanda aka gina a 1881, mutane suna cewa wai ɗakunansa sun kai yawan kwanakin shekara.

Sai dai mai ziyara kada ya tafi da tsammanin zai tarar da waɗannan gidaje a tsaye. Galibinsu sun zube. Abin da zai gani tsibin fararen duwatsu ne hagu da dama, nan rabin bango da gurbin taga, can bakin ƙofa mai ado ba ɗaki a bayanta, kyanwoyi suna yawo a inda a da ake auna hauren giwa.

ABIN DA YA KASHE TA

Mai jin wannan zai zaci yaƙi ne ya rushe ta, gama ta ga yaƙi. Da Muhammadu Ahmad ya yi da'awar Mahadi a Sudan, wakilinsa a gabas shi ne Usman Digna, ɗan gidan attajiran Sawakin. Daga 1883 ya tara Hadandawa, ya gwabza da sojan Masar da na Ingila a Teb da Tamai a 1884, da Tofrek a 1885, ya tsare hanyar Barbar shekara da shekaru, har Kitchener kansa ya sami rauni a muƙamuƙi a Handub a 1888. Duk da haka bai shiga birnin ba. An kama shi a 1900, ya rasu a Wadi Halfa a 1926. Sawakin ta fita daga yaƙin nan da gidajenta a tsaye.

Abin da igwa ba ta yi ba, shawarar ofis ta yi shi. Jiragen tururi suka ƙara girma, mashigar Sawakin kuwa ƙunci gare ta, ga duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa. Sai Ingilishi suka zaɓi wani wuri a arewa, da ake kira Marsa Shaikh Bargut, suka fara gina sabuwar tasha a 1905, aka buɗe ta a 1909, ita ce Bur Sudan. Jirgin ƙasa daga Atbara ya kai can, kwastan ta koma can, kamfanoni suka bi, attajirai suka kulle gidajensu suka bi kamfanoni. Cikin shekara ashirin tsibirin ya zama kusan kufai, sai alhazai kaɗai ke ratsawa lokacinsu.

Shi kuwa dutsen murjani halinsa ɗaya da ginin ƙasa. Muddin ana sabunta masa shafe yana iya ɗaukar shekara ɗaruruwa. In aka bar shi, sai raɓar teku da gishiri su ci farar ƙasar, ruwa ya sami itacen da ke cikin bango ya ruɓar da shi, bango ya buɗe, bene ya zauna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga kuma matsalar gado: gida ɗaya ya zama na magada da yawa, wasu a Bur Sudan, wasu a Jidda, wasu a Masar, ko wanne yana da haƙƙi, babu mai ɗaukar nauyin gyara. Wani Bature malamin zane, Greenlaw, ya zauna ya auna gidajen ya zana su tun suna tsaye, littafinsa ya fito a 1976. Gidaje da yawa yanzu ba a san kamanninsu ba sai cikin zanensa. Abin lura ne a ce baƙo ne ya adana wa masu gida siffar gidan ubansu.

HALIN DA TA SHIGA DAGA BAYA

Sawakin ba ta mutu ɗungum ba. A 1991 aka buɗe sabuwar tasha kusa da tsibirin, aka sa mata sunan Usman Digna, jiragen fasinja suna ƙetarewa daga nan zuwa Jidda cikin dare ɗaya, ana kuma fitar da tumaki da raƙuma zuwa Saudiyya. Hukumar taimako ta Turkiyya ta gyara masallatan nan biyu da gidan kwastan, a watan Disamba na 2017 kuma Shugaba Erdogan ya ziyarci tsibirin, aka yi yarjejeniya a kan ci gaba da gyaran. Ana cikin haka mulki ya canza a Sudan a 2019, sa'an nan yaƙi ya ɓarke cikin watan Afrilu na 2023. Jinaina da Fashir, zangon alhazan dauri, suna cikin garuruwan da suka fi shan wuya, mutane da yawa kuma ta gaɓar nan suka tsere, cikinsu har da ɗaliban Nijeriya. Saboda haka mai sha'awar ziyara ya fara tambayar halin da ƙasa take ciki, kada ya jefa kansa cikin halaka don kallon kufai. Allah ya kawo wa mutanen Sudan sauƙi.

ABIN DA YA SHAFI SIFAWA

Alƙur'ani ya kwaɗaitar da tafiya cikin ƙasa domin duba ƙarshen mutanen farko, malamai kuwa sun ce amfanin irin wannan tafiya shi ne i'itibari. Wanda bai sami ikon zuwa Sawakin ba, i'itibarin yana ƙofar gidansa. Sifawa ba ta da teku, amma ita ma matattara ce a zamaninta. Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ya taso daga Gwandu ya zauna a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi yana kusa da shi a Bodinga. Almajirai da malamai da manzannin masu tuta suka riƙa zuwa daga ko'ina. A shekarun nan ya wallafa littattafai irin su Tanbihul Ikhwan da Najmul Ikhwan, a 1812 kuma ya raba al'amarin mulki, yamma ga Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. A 1815 ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817, watau 1232 ta Hijira. Da ya tashi, taron ya bi shi, kamar yadda attajiran Sawakin suka bi jirgi.

Abin da Sifawa ta riƙe na wannan zamani iri uku ne: wuraren da mutanen garin suka sani na masallacin Shehu da gidansa da kaburburan mutanensa, da tsofaffin takardun da ke cikin gafakar gidajen malamai, da labarin da ke bakin tsofaffi. Duk ukun suna da abokin gaba irin na murjani. Ginin ƙasa yana son yaɓe ko wace shekara kafin damina. Takarda gara ke cinta, ko a raba ta cikin gado, rabin littafi ya tafi wannan gida, rabi wancan, har a rasa mai haɗa su. Tsoho kuwa in ya kwanta dama, abin da ba a rubuta daga bakinsa ba ya tafi ke nan. Haka kuma labarin alhazan ƙasa: akwai gidaje a Bodinga da Shagari da kakansu ya taka har Sawakin, ya kamata jikokinsa su rubuta sunansa, da garuruwan da ya yada zango, da shekarun da ya yi, da dangin da ya bari a can.

Wannan ba aiki ne da za a jira wani baƙo ya zo ya yi ba. Hakimai da limamai da malaman allo da magada su ne masu shi. A yi yaɓe da lokacinsa, a kwafe littafi tun ana iya karanta shi, magada su yarda a ajiye shi wuri ɗaya da sunan mai shi, a kai almajirai su ga inda Shehu ya zauna a gaya musu abin da ya karantar. Masu iya magana sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanyar Ɗakinsa, na tudu da na ruwa. Allah ya jiƙan Shehu da jama'arsa, ya ba na baya ikon riƙon abin da aka bar musu, amin. Tammat bi hamdillahi.